Yawan Jama'a a Legas da Nauyinsa a kan Ruwa, Ƙasa da Iska: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin Hausawa mazauna Legas, daga Agege da Idi-Araba da Obalende har Mile 12 da Alaba Rago: masu gidajen haya, 'yan garuwa, 'yan gwari, 'yan gwangwan da matan gida. Mun amsa su da lissafin da kowa zai iya maimaitawa a tsakar gidansa, tun da a bakin famfo da bakin kwata ake fara ganin yawan jama'a, kafin ya kai ga takardun hukuma.

Wai mutum nawa ne a Legas ɗin nan?

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006. Ta ba ƙasar mutum miliyan 140, ta ba jihar Legas miliyan 9.1, Kano kuma miliyan 9.4. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda da nata adadin, ta ce lissafinta ya nuna miliyan 17.5. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk adadin da ka ji yau ƙiyasi ne, kuma yana kai da komo tsakanin miliyan 15 da sama da miliyan 20.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne fili. Legas ce mafi ƙanƙantar jiha a ƙasar nan, murabba'in kilomita wajen 3,577, kuma babban kaso daga ciki ruwa ne da dausayi. A 1950 mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba.

Idan aka ce jama'a na ƙaruwa da kashi kaza cikin ɗari, me ake nufi?

Akwai hanya mai sauƙi. Ka raba 70 da adadin ƙaruwar shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da jama'a za su ninka. Ƙaruwar kashi 2.5 cikin ɗari na nufin ninkawa cikin shekara 28. Idan kashi 3.5 ne, shekara 20 kacal. Wato a cikin wannan lokaci sai an ninka bututun ruwa, da ajujuwa, da gadajen asibiti, da motocin kwashe shara, kafin a ce an tsaya inda ake. Ba a ma yi maganar ci gaba ba tukuna.

Duniya ta kai mutum biliyan ɗaya a wajajen 1804, ba ta kai biyu ba sai 1927. Daga nan sai abin ya yi sauri: biliyan uku a 1960, biyar a 1987, bakwai a 2011, takwas a ranar 15 ga Nuwamban 2022. Ba haihuwa ce ta ƙaru ba. Mutuwa ce ta ragu, musamman ta ƙananan yara, albarkacin allurar rigakafi da tsaftataccen ruwa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Ana yawan ce mana mu 'yan Arewa ne muka cika musu gari. Haka ne?

Gari yana cika ta ƙofa biyu: waɗanda aka haifa a cikinsa, da waɗanda suka shigo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Legas tana haihuwar 'ya'ya 3.4 a matsakaicin lissafi, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne, na Katsina kuma 7.3. Duk da haka 3.4 ya fi ƙarfin 2.1 da jama'a ke bukata su tsaya cik, don haka ko an rufe duk hanyoyin shigowa, Legas za ta ci gaba da ƙaruwa. Masu shigowa kuwa daga ko'ina suke: ƙasar Yarabawa, Gabas, Neja Delta, Arewa, Jamhuriyar Benin, Togo da Nijar. Hausawa ma ba baƙi ba ne a nan; fataucin goro da layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano tun wajen 1912 su ne tushen zaman Agege.

Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya, ci-ranin yanzu ya bambanta da na da. A da ana zuwa bayan kaka a koma da saukar damina. Yanzu da yawa ba sa komawa, don babu abin komawar. A ɗauki misali: magidanci ya bar gona hekta shida da 'ya'ya maza shida, kowa ya sami hekta ɗaya. A zuriya ta gaba kowane jika zai tashi da abin da bai kai ya ciyar da gida wata uku ba. Gonar da ake hutar da ita a da yanzu ana nome ta kowace shekara har ta gaji. A haɗa da Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980, sannan a ɗora rashin tsaro a kai. Cunkoson Legas da ƙarancin gona a Arewa matsala ɗaya ce mai baki biyu.

Gari kewaye da ruwa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, me ya sa ruwan sha ke wuya?

Ruwan da ya kewaye Legas na teku ne da na zartsi, ba ya shawuwa. Ruwan famfo na hukuma galibi daga kogin Ogun ake jawo shi, ana tace shi a Iju, wadda ke aiki tun 1915, da kuma Adiyan. Alƙaluman da hukumar ruwa ta jiha ta daɗe tana bayarwa su ne tana iya samar da galan miliyan 210 a rana, bukatar kuwa miliyan 540. Ko shi 210 ɗin sai in akwai wuta, injuna na lafiya, bututu bai fashe ba. Giɓin da ya rage rijiyoyin burtsatse da tankoki da kurar 'yan garuwa da fiya wata ne ke cike shi, kuma talaka da ke saye da jarka ya fi mai famfo a gida biyan kuɗi a kan kowace lita.

Bututun da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa yana da nasa haɗarin. Muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki, ta wajen tsaga ruwa fita yake yi. Da zarar an ɗauke, sai ruwan kwata ya shiga ta tsagar, musamman inda aka bi da bututun ta cikin lambatu. Shi ya sa ruwan farko da ya zo bayan an daɗe babu ba na sha ba ne.

Na haƙa burtsatse, da farko ruwa garau, yanzu ya koma gishiri-gishiri ko ja. Me ya faru?

Abu uku ne ke lalata ruwan ƙasa a Legas, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gishiri matsalar unguwannin bakin teku ce, irin su Lekki da Ajah da Victoria Island. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka a ƙarƙashin ƙasa yana zaune a samansa. Idan gida ɗaya ne ke zuƙa, damina na mayar da abin da aka ɗiba. Idan gida ɗari ne a layi ɗaya, kowa da injinsa, sai ruwan daɗin ya sirance, na gishiri ya taso. Tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara shi ma take yi. Rijiyar da ta kama gishiri kuwa tana daɗewa ba ta warke ba.

Jan ruwa sinadarin ƙarfe ne. Alamarsa ruwa ya fito fari tas, in ya sha iska a bokiti ya rine, ya ɓata fararen kaya. Wannan yana da sauƙin gyara: a sa ruwan ya zubo ta sama yana watsuwa ya sha iska, a bar shi ya kwanta a tanki na farko, ya bi ta matatar yashi da tsakuwa zuwa tanki na biyu. Inda ake kuskure shi ne rashin wanke matatar. In ta toshe, aikin ya tashi a banza.

Na uku shi ne mafi haɗari domin ido ba ya ganinsa: ruwan masai. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da sokawe. A yawancin unguwanninmu fulotin gaba ɗaya bai fi haka tsawo ba, kuma in ka nisanta daga naka ka kusanci na maƙwabci. Abin da ya rage shi ne a yi zurfi a wuce ruwan sama-sama, a cika gefen bututun da siminti daga baki zuwa 'yan mitoci ƙasa, a yi daɓe mai gangara a kewaye, a kuma kai ruwan ɗakin gwaji sau ɗaya a shekara, an fi so da damina. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin WaterGuard bisa awon da ke jikin robar, a jira minti 30. Ruwa mai dauɗa a fara sa masa alif ya kwanta, don kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa.

Ni mai gidan haya ne. Ta yaya zan san gidana ya ɗauki fiye da ƙarfinsa?

Alhaji, ka yi lissafi da kawuna, ba da ɗakuna ba. A ce gida mai ɗaki takwas fuska da fuska, an gina shi da tunanin mutum 20, yau kowane ɗaki na kwana da shida, mutum 48 ke nan. Lita 50 ga kowane mutum a rana ita ce matsakaiciyar bukata ta sha da girki da wanka da wanki: lita 2,400, jarka 96 mai cin lita 25. Kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan ruwa zai fito a matsayin ƙazanta, ya nufi sokawe ko kwata. Ko a sansanin 'yan gudun hijira ba a son fiye da mutum 20 su haɗu a kan masai ɗaya, don haka gidan nan na bukatar uku. Shara kuma, a kan rabin kilo ga kowane kai, kilo 24 ce a rana.

Alamomin sokawe ya gaza: masai na jinkirin wucewa, ƙasa ta jiƙe a kewayensa ko da rani, wari bayan ruwan sama. Kada a haɗa ruwan wanka da na rufin gida da ramin masai, shi ke cika shi kafin lokaci. Kada kuma a fasa shi cikin kwata da daddare in ana ruwa. Wannan ɗabi'a ce ke kai kwalara gidan da ke ƙasa da kai. Annobar da ta ɓarke a watan Yunin 2024 ta fi tsanani a Lagos Island da Kosofe da Eti-Osa. In amai da gudawa suka kama wani, a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti.

Ambaliya fa? Ruwan sama ne ya ƙaru ko mu ne?

Duka biyun suna da hannu, amma namu ya fi saurin ganuwa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fulotin ƙafa 60 da 120 ya kai murabba'in mita 650. Ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Yuni ko Yuli, zai sauke masa lita 32,500, jarka 1,300. Lokacin da filin yake ciyawa, ƙasa na shanye kaso mai yawa. Da an rufe shi da kwano da siminti daga katanga zuwa katanga, kusan duka kwata zai nufa, kwatar da aka auna ta tun unguwar na da gidaje ƙalilan.

Sai dausayi da dazukan bakin ruwa da aka cike da yashi aka yi gini. Su ne ma'ajiyar ruwan garin. Da aka ƙwace musu wuri, sai ruwan ya nemi ɗakunan mutane. Legas kuma shimfiɗe take kusa da tsayin teku, in teku ta cika sai bakin magudanai ya toshe, ruwa ya tsaya sai ta janye. Mazauna Isheri da Agiliti da Owode da gefen Mile 12 suna da ƙarin tasu: idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, galibi a watannin Satumba da Oktoba, kogin Ogun kan shigo musu ko da rana na ƙwallewa.

Mai neman ɗaki ya je duba shi da damina, ya kalli zanen da ruwa ya bari a jikin bango, ya ga ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo. Mai gida ya bar wani yanki na tsakar gida ba daɓe. Rufin murabba'in mita 100 na iya tara sama da lita 100,000 a shekara in an sa indararo da tanki. A zubar da ruwan farko da ya wanke kwanon, a rufe bakin tankin saboda sauro.

Ina duk sharar garin nan ke zuwa?

Hukumar kula da shara ta jihar, LAWMA, kan ƙiyasta tan 13,000 a kowace rana. Motocin 'yan kwangila da ake kira PSP ne ke kwasa zuwa jujin Olusosun da ke Ojota, da na Solous a Igando, da wasu. Olusosun a bayan gari yake lokacin da aka buɗe shi, yau gari ya haɗiye shi. Sharar da ke ruɓewa a binne tana fitar da iska mai kama wuta, ita ce ta haddasa irin gobarar da aka yi can a watan Maris na 2018, ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashinta kuma yana bin rijiyoyin maƙwabta. A Janairun 2024 jihar ta haramta farar robar zuba abinci ta tekawe, saboda ita da ledar fiya wata ne kan gaba wajen toshe kwalbatoci.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya a kan 'yan gwangwan. Ƙarfe da alminiyam da kwali da robar lemo da suke tsincewa kaya ne da ba su isa juji ba, kuma wannan aiki ne da gari ke amfana da shi ko bai gode ba. Abin da ke cutarwa a sana'ar biyu ne: ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, da fasa batirin mota a zubar da ruwansa a ƙasa. Dalmar da ke cikin batirin ba ta ruɓewa, tana zama a ƙurar wurin, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa. A feɗe waya da wuƙa, a sayar da batiri a rufe.

Iskar da muke shaƙa fa?

Binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Legas a 2018, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Tsofaffin motoci a gosulo, janareta, masana'antu da ƙona shara su ne manyan masu laifi. Motocin BRT da suka fara a 2008, jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 a 2023, da na Agbado zuwa Oyingbo mai bi ta Agege a 2024, duk ƙoƙarin rage yawan injuna a titi ne.

A cikin gida kuwa, janareta ke kisa cikin dare ɗaya. Iskar da ke kashewa a hayaƙinsa ba ta da wari. A ajiye shi a waje, mita shida daga ƙofa da taga, ba a soro ko ƙarƙashin bene ba. Idan mutanen ɗaki suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a fitar da kowa waje nan take. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Shi gawayin ma, kilo ɗaya kan ci kilo biyar zuwa goma na itace a ramin gargajiya, kuma dazukan Oke-Ogun a Oyo da na Kwara da Neja ne ke biyan kuɗin.

Abinci zai ishi wannan jama'a kuwa?

Legas ba ta noma abin da take ci. An ga haka a farkon 2021, da dillalan abinci da shanu suka dakatar da lodi zuwa Kudu: cikin kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya tashi. Tumatirin Kadawa ta jihar Kano yana tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ya sauka a Mile 12. Asarar hanya ita ce gonar da ba a lissafawa. Kwando kan kwando, na ƙasa ya matse, tsinken kwandon ya huda, zafi ya ƙarasa. Akwatin roba mai cin kilo 25 yana ɗora nauyi a kan gefensa, ba a kan kayan ba, iska kuma na ratsa shi. A tsinki tumatir yana fara nuna, a ajiye a inuwa, a yi lodi da yamma.

Turawa na cewa yawan haihuwarmu ke ɓata duniya. Da gaskiyarsu?

Tun 1798 Thomas Malthus ya yi hasashen cewa jama'a za su fi ƙarfin abinci. Takin zamani da ingantaccen iri suka ƙaryata shi na tsawon lokaci. Game da ɗumamar yanayi kuwa, ba kawuna kaɗai ake ƙirgawa ba, har da abin da kowane kai ke ƙonawa. Ɗan Amurka na fitar da wajen tan 14 na iskar kabon a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, Afirka duka ba ta wuce kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. A wannan fage zargin bai tsaya ba. Amma rijiyar da ta kama gishiri a Ajah da gonar da ta gaji a Katsina ba hayaƙin Amurka ba ne ya kawo su.

Malam, ni mace ce mai goyo. Tazarar haihuwa ba ta saɓa wa addini ba?

Malama, malamai sun bambanta tsakanin yanke haihuwa gaba ɗaya don tsoron talauci, wanda ba su yarda da shi ba, da ba da tazara don lafiyar uwa da yaro bisa yardar miji da mata, wanda da yawansu suka halatta. Suna kafa hujja da ayar shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara da hadisan azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 take ba da shawara tsakanin haihuwa da sabon ciki. Iyayenmu sun san illar kwanika tun kafin zuwan asibiti.

Shayarwa kaɗai na hana ciki ne da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Akwai allurar wata uku, ashanar fata ta shekara uku zuwa biyar, da robar mahaifa mai kai shekara goma, ana cire ta duk lokacin da aka so. Allura kan rikita al'ada, kuma ciki kan yi jinkirin 'yan watanni bayan an daina. Mai hawan jini ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin a ba ta ƙwayoyi.

Idan haihuwa ta ragu gobe, cunkoson zai tsaya?

Ba nan kusa ba. Kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, iyayen gobe an riga an haife su. Ko kowace mace ta tsaya a kan biyu, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama. Raguwar ma ta fara: binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 4.8 a matsakaicin lissafi, daga 5.3. Bangladesh da Iran, ƙasashen Musulmi, sun sauko daga sama da shida zuwa wajen biyu, kuma abin da ya fi tasiri shi ne karatun 'ya'ya mata, da raguwar mutuwar yara, da kai asibiti kusa da gida. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen jama'ar duniya za su tsaya a wajen biliyan 10.3 cikin shekarun 2080, Najeriya kuma za ta haura miliyan 350 nan da 2050.